Tarihin Malalacin Kogi: Yadda Amurkawa Suka Fita Neman Daji Suka Ɓuge a Ruwan Famfo

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani ƙaramin abu da iyalai a Amurka ke tara kuɗi saboda shi duk shekara.

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta shi ne lokacin zafinsu, kuma a nan ne makarantu ke dogon hutu. Magidanci kan kwashi iyalinsa a cikin mota mai ɗaki, wadda ke da gado da madafa da firji da banɗaki, ko kuma ya ɗaura ɗaki mai taya a bayan motarsa, ya nufi wani fili da aka kewaye, inda ake biyan kuɗin kwana. Zango zan riƙa kiran irin wannan fili, domin aikinsa ke nan: matafiyi ya sauke kaya ya kwana. A manyan zangunan na yau, abin da aka fi tallatawa shi ne wata doguwar magudana ta siminti da aka gina a kewaye, ruwanta bai wuce ƙugun babban mutum ba, injin na tura shi a hankali. Mutum zai hau wata roba mai iska mai kama da tif ɗin taya, ya miƙe ƙafa, ruwa ya ɗauke shi ya zagaya da shi ya dawo da shi inda ya taso. Sunan da suke kiran abin da shi, in an mayar da shi Hausa, shi ne malalacin kogi.

Abin tambaya a nan shi ne: mutanen da kakanninsu suka fara wannan fita don gudun gari da neman daji da kogi na gaske, yaya aka yi jikokinsu suka ƙare suna zagaya kogin da ba shi da mafari ba shi da mashiga? Ba wanda ya zauna ya tsara hakan. Mataki-mataki aka zo, kowane mataki maganin wata matsala ce ta gaske, kuma kowane magani ya zo da shingensa da farashinsa.

Wawayen Murray

A shekarar 1869 wani limamin coci a birnin Boston mai suna William H. H. Murray ya wallafa littafi mai suna Adventures in the Wilderness, inda ya kwaɗaita wa mutanen birni zuwa tsaunukan Adirondack na jihar New York, su kwana a tanti, su kama kifi, su shaƙi iska mai tsabta. Biranen lokacin cike suke da hayaƙin masana'antu da tarin fuka, saboda haka littafin ya samu kasuwa, jama'a suka yi tururuwa. Sai aka yi rashin sa'a shekarar ta zo da ruwan sama da sanyi, ga ƙwari masu cizo, ga ƙarancin masauki da 'yan jagora. Da yawa suka dawo suna zagin marubucin, jaridu kuma suka laƙaba musu suna wawayen Murray. Tun daga ranar farko ke nan an ga halin ɗan birni: yana son daji, amma dajin da ya karanta a littafi, wanda babu sauro a cikinsa.

Irin wannan fita ta masu hali ce. Sai da kuɗin jirgin ƙasa, da na ɗan jagora, da makonnin da mutum zai bar sana'arsa. Mota ce ta sauko da abin ƙasa. A 1908 kamfanin Ford ya fitar da Model T a kan dala 850, kuma kafin tsakiyar shekarun 1920 farashinta ya faɗo ƙasa da dala 300. Sama da miliyan 15 aka ƙera kafin a daina a 1927. Gandun dajin Yellowstone, wanda aka keɓe tun 1872, ya buɗe wa motoci ƙofa a 1915, shekara guda kafin a kafa hukumar kula da gandun dajin ƙasa. Malamin makaranta da akawu da manomi duk suka samu hanyar ɗaure tanti da tukunya a gefen mota su kama hanya.

Har manya sun taya abin talla. Henry Ford da Thomas Edison da mai kamfanin taya Harvey Firestone da marubuci John Burroughs sun riƙa fita zaman tanti tare a waɗannan shekaru, kuma a 1921 shugaban ƙasa Warren Harding ya bi su. Sai dai zaman dajin nasu da motocin kaya ake yin sa, da masu dafa abinci, da masu ɗaukar hoto. Talakawan hanya kuwa abincin gwangwani suke ci, har a 1919 suka kafa ƙungiya a birnin Tampa na jihar Florida, suka sa mata suna Tin Can Tourists, wato 'yan yawon gwangwani. Alamarsu ita ce gwangwanin da suke liƙawa a gaban mota.

Shinge na farko

Da farko duk inda dare ya yi wa matafiyi nan yake kafa tanti: gefen hanya, harabar makaranta, bakin gonar wani. Manoma suka fara kuka da karya shinge da satar 'ya'yan itace da barin shara da wuta. Garuruwa kuma suka lura cewa baƙon nan yana sayen mai da burodi da taya. Sai hukumomin gari suka fara keɓe fili kyauta, da famfo da banɗaki da itacen girki, don a tattara baƙin wuri guda kuma kuɗinsu ya tsaya a kasuwar garin. Wanda ya fi suna shi ne Overland Park na birnin Denver, da aka buɗe a 1920 a kan eka 160, da gurabe kusan 800, da kanti da wurin wanki da shagon aski da zauren rawa.

Kyauta kuwa ba ta zaɓen baƙo. Masu yawon neman aikin gona, da iyalan da ba su da gida sai tsohuwar mota, su ma suka sauka, wasunsu suka ƙi tashi. Masu hali suka fara ƙyamar haɗa kafaɗa da su. Kafin tsakiyar shekarun 1920 garuruwa da dama sun sa kuɗin shiga, galibi santi 50, da rajistar suna, da iyakar kwanakin zama. Masanin tarihi Warren Belasco, a littafinsa na 1979 kan wannan zamani, ya nuna cewa manufar kuɗin ita ce tace baƙi, ba cika asusu ba. Da zarar kuma an saba da biya, ɗan kasuwa ya samu ƙofa. Zangunan 'yan kasuwa suka fito, wasu suka gina 'yan ɗakunan katako, waɗanda daga baya suka rikiɗe suka zama otal-otal na bakin hanya.

A gandun dajin gwamnati matsalar daban ce. Mutane na kutsa mota duk inda suka ga inuwa, ƙasa ta daddaɓe, saiwar itatuwa ta mutu. Wani masanin cututtukan tsirrai mai suna E. P. Meinecke, wanda ya binciki ɓarnar da ƙafa da taya ke yi wa manyan itatuwan California, ya fitar da tsari a 1932: a yi hanya guda mai zagayowa wadda mota ke bi ta fuska ɗaya, a fitar da ɗan gurbi ga kowace mota, a kafa tebur da murhu a inda ba za a iya matsar da su ba, a jera duwatsu don kada a ƙetare. Matasan da gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauka aikin gandun daji tsakanin 1933 da 1942, su wajen miliyan 3, su suka shimfiɗa wannan tsari a faɗin ƙasar. Don ceton itatuwa aka yi shi, amma sakamakonsa shi ne dajin ya koma unguwa mai layi da lambar gida. Ku riƙe wannan siffa ta zagaye, za mu sake haɗuwa da ita a cikin ruwa.

A wannan tsakanin ne kuma tanti ya fara samun kishiya. Wani mutumin Detroit mai suna Arthur Sherman, bayan ruwan sama ya jiƙa shi yana fama da kafa tanti, ya ƙera ɗaki mai taya na katako, ya fara sayarwa a 1930. Wally Byam ya fito da Airstream mai jikin alminiyam, ƙirarsa ta Clipper ta bayyana a 1936. Garin Elkhart na jihar Indiana ya zama cibiyar wannan sana'a, kuma har gobe daga yankinsa mafi yawan motocin ke fitowa.

Waɗanda aka bari a waje

Duk wannan labari na fararen fata ne. Baƙar fatar Amurka da ya sayi mota bai da tabbacin inda za a sayar masa da mai, balle inda zai kwana. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya a unguwar Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafin jagora a 1936, wanda aka fi sani da Green Book, yana jera wuraren da ke karɓar baƙaƙe, kuma an ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. A gandun dajin Shenandoah na jihar Virginia, wuri daban aka ware musu a Lewis Mountain a ƙarshen shekarun 1930, da allo mai nuna cewa nan ne nasu.

A kan ruwa wariyar ta fi tsanani, domin a ruwa jiki ke kusantar jiki. Ranar 18 ga Yuni 1964, a birnin St. Augustine na Florida, matasa baƙaƙe da farare suka shiga tafkin wanka na wani otal don nuna adawa da wariya, sai manajan ya ɗauko ruwan asid ya zuba musu. Hoton ya zagaya duniya. Makonni biyu bayan haka, ranar 2 ga Yuli, aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. Amma garuruwa da dama a kudu sun gwammace su rufe tafkunan gwamnati da su buɗe wa kowa. Birnin Jackson na Mississippi ya yi haka, kuma a 1971 kotun ƙoli ta ce bai karya doka ba. A waɗannan shekaru wanka ya yi ta ƙaura daga tafkin gari zuwa na kulob da na bayan gida da na wurin biya. Ba wannan kaɗai ya haifi zangon zamani ba, amma a cikin wannan yanayi ya girma: ruwan wasa ya zama abin da ake samu a bayan ƙofa.

Dala ɗaya da santi 75

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa uku suka haɗu. An haifi yara da yawa, ma'aikata da dama sun samu hutun mako biyu da albashi ta hanyar yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago, sannan a 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Gandun dajin gwamnati suka cika har suna mayar da mutane.

A 1962 aka yi bikin baje kolin duniya a birnin Seattle. Wani ɗan kasuwa a garin Billings na jihar Montana, Dave Drum, ya ga motoci na wucewa da tantuna ba su da wurin kwana. Yana da fili a bakin kogin Yellowstone, sai ya sa ruwan zafi na wanka da banɗaki mai tsabta da ɗan kanti, ya ce dala 1 da santi 75 a kwana. Bayan an watse ya aika wa baƙinsa takardar tambayoyi, amsar da ya samu ita ce suna son irin wannan wuri a duk inda suka nufa. Daga nan aka kafa Kampgrounds of America, wato KOA, inda mai fili ke biyan kamfani ya ari sunansa da tsarinsa. Cikin shekara goma rassan suka kai kusan 600. Abin da KOA ta sayar shi ne tabbas: ka san abin da za ka tarar kafin ka isa.

A 1966 kamfanin Winnebago na garin Forest City a jihar Iowa ya fitar da motarsa mai ɗaki a kusan rabin farashin abokan gasarsa. A nan ne lissafi ya juya. Mutumin da ya zo da gadonsa da madafarsa da banɗakinsa, me mai zango zai sayar masa banda wutar lantarki da ramin zubar da ƙazanta? Dole a nemo abin da ba ya shiga mota. Wani mai sana'ar talla a jihar Wisconsin, Doug Haag, ya gano amsar a wajen 'ya'yansa da ke kallon zanen barkwanci na Yogi Bear a talabijin. Ya nemi izinin amfani da sunan, ya buɗe Jellystone Park na farko kusa da Sturgeon Bay a 1969, da tafkin wanka da wasannin yara. Zango ya tashi daga wurin yada zango ya koma inda aka nufa. Kamfanin Disney ya bi sahu da Fort Wilderness a Florida cikin Nuwamban 1971.

Sai ga takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973. Tashin farashin da ya cika baitulmalin Nijeriya har aka yi rabon kuɗin Udoji, shi ne ya durƙusar da wannan sana'a a Amurka. Cinikin motoci masu ɗaki ya faɗi warwas, zanguna da dama na bakin hanya suka rufe. Darasin da masu zango suka ɗauka shi ne, wanda ke jiran mai wucewa yana hannun farashin mai. Mafita ita ce a jawo iyalin da ke kusa, su zo su yi kwana huɗu ko biyar ba su motsa mota ba. Abin da zai riƙe yaro kwana biyar a tsakiyar zafi kuwa, ruwa ne.

Yadda aka kwaikwayi kogi

Malalacin kogi yana da uba na gaske. A garin New Braunfels na jihar Texas, wanda Jamusawa suka kafa a 1845, akwai kogin Comal. Daga idon ruwa yake ɓuɓɓugowa, tsawonsa bai wuce kilomita 4 ba kafin ya faɗa kogin Guadalupe, kuma sanyinsa kusan ɗaya ne rani da damina. Mutanen wurin sun daɗe suna hawa tsohon tif ɗin taya su bi ruwan. A 1966 Bob Henry da matarsa Billye suka sayi wani tsohon masaukin hutu a bakin kogin mai suna Camp Landa. Suka fara gina magangarun santsi da ke zuba baƙi cikin ruwa, har a 1979 suka buɗe wurin wasan ruwa na Schlitterbahn, kalmar Jamusanci mai nufin hanya mai santsi. Ruwan Comal ɗin suke ja da famfo, ya bi magudanun da suka gina, ya koma kogi. Ɗansu Jeff Henry ya shahara wajen ƙera irin waɗannan koguna na siminti.

A Florida kuma hanya biyu aka gwada. A Yunin 1976 Disney ta buɗe River Country a gefen zangonta na Fort Wilderness, an tsara shi kamar tsohon kududdufin ƙauye, da yashi a ƙasa da ruwan da ake jawowa daga tafkin Bay Lake. A 1980 wani yaro ya rasu sakamakon wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwan ɗumi mara gishiri, wadda ke shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa, bayan ya yi wanka a wurin. An ci gaba da aiki har 2001, aka rufe, ba a sake buɗewa ba. Hanya ta biyu ita ce ta George Millay, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa SeaWorld, wanda ya buɗe Wet 'n Wild a birnin Orlando a 1977. Shi siminti da famfo da sinadarin kulorin ya dogara da su, kuma gare shi ake yawan danganta yaɗuwar malalacin kogi. Hanyarsa ce ta yi nasara. Ko Disney da ta buɗe Typhoon Lagoon a 1989, kogin siminti mai tsawon sama da mita 600 ta kewaye shi da shi.

Aikin abin ba shi da wuya a fahimta. Ana haƙa magudana mai zurfin kusan mita guda, a haɗa bakinta da wutsiyarta. Injuna na zuƙar ruwa ta wasu ramuka masu raga, su feso shi ta bututun da aka karkata fuska guda, sai duk ruwan ya kama tafiya, saurinsa bai kai na mai tafiya a ƙasa ba. Wani kaso na ruwan kullum yana ratsa matatar yashi ana sa masa magani. Masu ceto na tsaye a kan kwanoni. Ramukan zuƙar ma sai da doka ta shiga: bayan irin wannan rami ya riƙe wata yarinya a ƙarƙashin ruwa ta rasu, majalisar Amurka ta kafa dokar 2007 da ta tilasta sa murfi na musamman a tafkunan jama'a.

Ga mai zango, kogin nan ya fi magangarar santsi riba. Magangara mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, saura na layi cikin rana. Kogi kuwa yana haɗiye mutane da yawa a tare, kuma babu wanda ya yi masa tsufa ko ƙuruciya: kaka da jika duk suna hawa. Saboda haka daga wuraren wasan ruwa ya shiga manyan otal-otal, daga nan ya gangaro zangunan iyali, musamman a shekarun baya-bayan nan da manyan kamfanonin gidaje suka shiga sayen zanguna. Annobar korona ta ƙara wa abin wuta, domin mutane sun guji jirgi da otal. A 2021 masana'antun Amurka sun fitar da motoci da ɗakuna masu taya sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Gurbin da Dave Drum ya sayar ƙasa da dala 2, a irin waɗannan wurare yau ba abin mamaki ba ne ya haura dala 100 a kwana cikin watan Yuli.

Abin da kogin gaske ke yi

Da sauƙi mutum ya yi wa abin dariya, ya ce ga waɗanda suka bar kogin Allah suna zagaya kwatami. Amma kafin a yi dariyar a tuna dalilin da ya sa uwa ke zaɓar kwatamin. Zango a bakin ruwa ake son sa, ruwa kuwa ba ya sallama in zai zo. Daren 11 ga Yuni 2010, ambaliya ta afka wa zangon Albert Pike a jihar Arkansas mutane na barci, ta kashe 20. Da asubahin 4 ga Yuli 2025, kogin Guadalupe, wanda Comal ke zuba a cikinsa, ya tashi kusan mita 8 cikin ƙasa da awa guda a gundumar Kerr ta Texas. Ya kwashe motoci masu ɗaki da mutanen cikinsu, ya ci sansanin hutun 'yan mata na Camp Mystic, kuma waɗanda suka rasu a ambaliyar yankin sun haura 130. Wanda ya san wannan ba zai raina ruwan da ake kashewa da makunni ba.

A ƙara da cewa babu dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa mai aiki ya ba ma'aikaci hutu da albashi. Wanda ya samu 'yan kwanaki a shekara ba ya son ya yi caca da su. Yana son ruwan da ba zai ƙafe ba, ba zai cika ba, ba zai ɓoye maciji ko rami ba. Tabbas ɗin da KOA ta fara sayarwa da ruwan zafi a 1962, shi ne dai ake sayarwa yau da kogi sukutum.

Sai dai kowane tabbas da abin da ya ci. Tsarin Meinecke ya ceci itatuwa, ya kuma koya wa mai zuwa daji ya tsaya a gurbinsa. Santi 50 na garuruwan 1920 ya tsabtace zango, ya kuma kori wanda ya fi kowa bukatar wurin kwana. Kogin siminti ya rage haɗarin ambaliya da ƙwayar cuta, amma yaron da ya tashi a cikinsa bai san yadda ake karanta ruwa ba, bai san inda yake da ja da inda yake da zurfi ba, kuma shigarsa sai da abin hannu mai nuna an biya. Allon da ke cewa wannan wuri ba naku ba ne doka ta cire shi tun 1964, farashi kuwa babu dokar da ta taɓa shi. Har yanzu akwai zangunan gwamnati masu araha a bakin koguna na gaske, kuma suna cika tun watanni kafin hutu, abin da ke nuna cewa ƙishirwar da ta fitar da mutanen Murray ba ta mutu ba.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Malalacin kogi shi ne wurin da karin maganar ta gaza, domin a kansa komai daɗewa ba a zuwa ko'ina, kuma don hakan ake biya. Shekara 150 da suka wuce ɗan birnin Amurka ya biya kuɗi don a kai shi inda bai sani ba. Jikansa na biya don a tabbatar masa zai dawo daidai inda ya bar takalminsa.

A nan za mu dakata. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, fili nasa ne a ƙasa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.